Wa ke riƙe da ma'auni in an kama satar amsa?

Yaron da ya taso daga Magariya ko Dungas ya shiga Jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a 2010, kuma take ɗauke da sunan André Salifou, da geron ubansa da kuɗin awakin uwarsa ya shiga. Ran da aka kama shi da ƴar takarda a hannun riga, duk wannan ke hawa kan ma'auni. To, wa ya cancanci riƙe ma'aunin?

Ba malamin da ya kama shi ba, domin shi shaida ne. Malaman Malikiyya sun daɗe da warware wannan: alƙali ba ya hukunci da abin da ya sani shi kaɗai, kuma sai an yi wa wanda ake tuhuma i'izari, wato a tambaye shi ko yana da sauran hujja. Majalisar ladabtarwa ta jami'a, ko da yake daga tsarin Faransa aka gaje ta, wannan ne dalilin kafa ta.

Sai dai majalisa tana da nata ciwon. Shugaban sashe ya miƙa wa shugaban tsangaya, shi kuma ya miƙa gaba, takarda ta kwanta a durowa. Kafin a zauna, kawun yaro ya iso daga ƙauye, tare da dattijon da ba a iya haɗa ido da shi. Roƙo ba laifi ba ne. Aikin zumunci ke nan, kuma da kunya ake zaman duniya. Laifin yana wuyan jami'in da ya bar maganar ta mutu, bai hukunta ba, bai yafe ba. Wanda ya yafe a fili ya sa hannu, ana iya tambayarsa dalili. Mai shiru kuwa ya cuci ɗalibar da ta kwana tana karatu, ya kuma koya wa mai tsaron jarrabawa kau da kai.

Lamarin ya fi nauyi in malami ne ya kwashi aikin wani ya liƙa sunansa. Hukumar CAMES, da aka kafa a Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu, ita ke auna ayyukan malamai kafin ƙarin girma, kuma tana iya hana shi. Amma ko zai koma aji ranar Litinin ya tsare jarrabawar ƴaƴan mutane, wannan shawara a ofishin shugaban jami'arsa ake yanke ta.