Kafin Ka Sauka Rijiya, Ɗana

Ɗana, kai da ke haƙar rijiya da yasarta a Mpape, Kubwa, Karu da Gwagwalada, zauna ka ji. Igiya tana tsinkewa, tocila tana mutuwa, injin jan ruwa yana tsayawa ruwa ya kama hawowa kana can ƙasa. Ranar nan tana tafe, kuma tun kana sama ake yi mata shiri.

Masu nutso cikin kogon dutse mai cike da ruwa sun sayi wannan ilimi da rayukan abokansu. A 1979 Sheck Exley, Ba'amurke, ya bi diddigin yadda suke mutuwa ya fitar da ɗan littafi a kai. Yau ba sa shiga sai da igiyar da za ta maido su bakin kogo ko ido bai gani, da fitila uku, iskar tukunyarsu kuma su kasa ta uku: ta shiga, ta fita, ta ajiya. Dokarsu da ta fi kwanta mini ita ce ta yatsa. Duk wanda ya ɗaga babban yatsansa, kowa ya juya, ba a tambayarsa dalili. Da abu ɗaya ya lalace, aikin ranar ya ƙare. Duk da haka kogo yana cin gwani. Saman Kunan, tsohon sojan ruwa, ya rasu a kogon Tham Luang na Tailan a Yulin 2018, yana dawowa daga kai tukwanen iska don ceton wasu yara 12 da kocinsu da suka maƙale a ciki.

To kai ma ɗaura igiya ta biyu a ƙugu, a kafe ta a sama, ka bar mutum a bakin rijiya wanda ko sayen ruwa ba zai tafi ba. Ku yanke alama: ja uku, a fito da ni.

Injin fetur kuwa, don Allah kada ka zura shi ciki, kada ka girke shi a baki. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, jiri da ciwon kai ne sallamarta. Ka ji su, fito. Kada ka tsaya gyara a ƙasa don maigida yana ƙorafin lokaci. Kuɗin yini nawa ne?

In abokin aikinka ya yi shiru a ciki, na san zuciyarka za ta ce faɗa. Haka gawa ɗaya ke zama uku. Jawo shi da igiyar ƙugu, wani ya kira 112 a turo 'yan kwana-kwana.