Ƙaddara da gumi a filin badminton

A ranar 2 ga Satumba 2024, a birnin Paris, Mariam Eniola Bolaji ta doke Oksana Kozyna ta ƙasar Yukiren ta karɓi lambar tagulla a gasar nakasassu ta duniya. Kafin ita, babu ɗan Afirka da ya taɓa cin lamba a wasan badminton a wannan mataki.

Labarinta ya taɓo tambayar da almajirai ke yi wa malamansu a zaurukan Tudun Wada da Doguwa: idan komai rubutacce ne, ina amfanin wahala? Mariam ba ita ta zaɓi larurar ƙafarta ba. Ba ita ta zaɓi rasuwar kocinta, Bello Oyebanji, a haɗarin mota a 2021 ba. Wannan ƙaddara ce, kuma musulmi ya yi imani da ita, mai daɗi da marar daɗi.

Amma komawa atisaye bayan zaman makoki, wannan fa aikinta ne. Malaman Ash'ariyya, waɗanda tauhidinsu ya daɗe a makarantun zaure na ƙasar Hausa, suna kiransa kasabi: Allah ke halittar aiki, bawa kuwa ya ɗauke shi da niyyarsa, a kan haka ake masa hisabi.

Manomin masara a gefen dajin Falgore ya san wannan ba tare da littafi ba. Ruwan sama ba a hannunsa yake ba, amma da damina ta faɗi, asubar fari yake sallamar gida ya nufi gona da fartanya a kafaɗa.