Wanda Ba Shi Da Adireshi

Bisharar Yohanna, sura ta 5, ta ba mu labarin wani marar lafiya da ya yi shekara 38 yana fama, yana kwance a bakin tafkin Betasda a Urushalima. Ruwan yana gabansa, babu kuma dokar da ta hana shi shiga. Abin da ya rasa shi ne wanda zai kama shi a lokacin da ya dace, kafin ya ja jiki wani ya riga shi. Wannan labari yana jefa mana tambaya mai nauyi: idan an ce abu haƙƙin kowa ne, aka kuma gindaya masa sharaɗin da mafi buƙata ba zai iya cikawa ba, shin an ba shi ke nan, ko an hana shi cikin ladabi?

A ƙauye irin su Ɗankaza da wuya mutum ya rasa inda zai sa haƙarƙarinsa. Ko damina ta ka da ɗakinsa, akwai zauren maƙwabci, akwai kuma mai unguwa da ya san ubansa da kakansa. Amma bari wannan mutumin ya tafi ci-rani Wudil ko Kano. Wanda ya taɓa sammako zuwa Wudil ranar Juma'a, ranar da kasuwar shanu take ci, ya ga masu kwana a rumfuna da tasha: 'yan dako, almajirai, masu taɓin hankali, tsofaffin da ba su da kowa. A can ba wanda ya san asalinsu, kuma wanda ba a sani ba, ba mai tsaya masa.

A takarda, ƙasarmu ba ta manta da su ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ya ƙi kula da wanda ke cikin halin gaggawa, ta kuma ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu na musamman domin marasa galihu. Tafki dai ga shi nan. Sai mutum ya isa bakin ƙofa a tambaye shi: ina katinka? Ina adireshinka? Wace ce lambar wayarka? Wa ya zo da kai? Tun Disamban 2020 aka umarci a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, takardar neman lambar kuma tana tambayar inda mutum yake zaune. Ko ya samu, wanda ke kwana a rumfa ina zai ajiye takarda ruwa bai jiƙa ta ba, ɓarawo bai ɗauke ba? Tambayar ƙarshe ita ce ta fi ciwo, domin a asibitocinmu mai jinya ne ke sayo magani, ya kawo abinci, ya bi layi. Marar mai jinya shi ne mutumin Betasda na zamaninmu.

Ba daidai ba ne mu ɗora laifin a kan ma'aikacin da ke riƙe da alƙalami. Rajista tana da dalilinta. In ba a rubuta suna ba, masu wayo za su karɓi rabon mutum goma, maganin da aka kawo domin talaka kuma ya ƙare a kanti. Adalci kansa yana buƙatar lissafi. Sai dai an yi lissafin ne domin kada a cuci matalauci. In ya zama shi ne ke korar matalaucin, to, mai gadi ya hana mai gida shiga gidansa. Ubangijinmu ya tsawata wa waɗanda suka fifita Asabar a kan mutum, ina kuwa takardar ofis.

Wani zai ce, ai muna ba da sadaka. Gaskiya ne, mutanen ƙasar nan, Musulmi da Kirista, ba a fi su buɗe hannu ba. Amma sadaka tana hannun mai bayarwa, in ya ga dama. A 1963 Paparoma Yohanna na 23, a wasiƙarsa Pacem in Terris, ya lissafa abinci da sutura da matsuguni da magani cikin haƙƙoƙin ɗan Adam, abin haƙƙi kuwa ba a roƙonsa. Mun ga iyakar sadaka a 2020, lokacin da gwamnatin Kano ta hana bara a tituna, annobar korona ta biyo baya, gwamnonin Arewa kuma suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu a cikin motoci. Yaran da muka daɗe muna zuba wa tuwo a kwano, sai ga shi ba su cikin littafin kowa.

Akwai abin koyi daga Roma. Ranar 31 ga Janairu, 1983, wata tsohuwa marar matsuguni mai suna Modesta Valenti ta rasu a babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin, bayan masu motar asibiti sun ƙi ɗaukarta saboda dattin jikinta. Ƙungiyar Sant'Egidio ba ta bari a manta da ita ba. A 2002 hukumar birnin ta sa sunanta a kan wani titi wanda babu shi a ƙasa, sai a rajista kawai, domin marasa gida su riƙa ba da shi a matsayin adireshinsu, su sami katin shaida da likita. Daga baya, a 2015, marigayi Paparoma Fransis ya sa aka gina musu wurin wanka a gefen dandalin Bitrus Mai Tsarki, domin ya gane cewa datti ma ƙofa ce da ake rufe wa mutum.

Mu ba sai mun ƙirƙiro titi ba. Kakanninmu sun san mai masauki, wanda baƙo ke sauka a hannunsa, ya tsaya masa a kasuwa da gaban hukuma. Me zai hana hukumomi su karɓi shaidar mai unguwa, ko limami, ko Fada, ko sarkin tasha, a madadin lambar gida? Me zai hana a kai teburin rajista bakin kasuwa ranar da take ci, maimakon a jira ɗan dako ya bar abincin yininsa ya tafi ofis? Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Ofishin majami'a zai iya ajiye wa mutum takardunsa a cikin akwati mai makulli. Zumuntar Mata da ƙungiyar Vincent de Paul za su iya tsara waɗanda za su riƙa raka marar kowa asibiti bi da bi, ba tare da tambayar addininsa ba, in kuma ma'aikaci ya zo gurbin da ake rubuta ɗan'uwa mafi kusa, su ba da sunansu da lambar wayarsu.