Wa Ya Kamata Ya Fara Sauka Da Laima?

A unguwar Hotoro, gabas da birnin Kano, bakin hanyar Maiduguri, akwai wani tela da wani direban babbar mota waɗanda suka saba zama inuwa ɗaya bayan la'asar. Ran nan wani yaro ya nuna musu hoto mai motsi a waya, ga wani Bature ya tsaya bisa ƙoƙuwar dutse, ya faɗo da gangan, sa'an nan laima ta buɗe bisa kansa, ya sauka lafiya. Direba ya yi salati. Tela kuwa bai dubi mutumin ba, ɗinkin ya duba. Ya ce, "Alhaji, ni abin da ya dame ni, wa ya ɗinka wannan ƙyalle? In da adalci, wanda ya ɗinka shi ya kamata a fara jefowa da shi." Direba ya ce, "Malam, in haka ne, da sai kowane mai gyaran burki ya bi ni har Maiduguri." Suka yi dariya, amma maganar ba ta dariya ba ce, gama ta shafi duk wanda ya taɓa miƙa ransa ga aikin hannun wani.

Da farko ya kamata a san abin da ake magana a kansa. Laima ƙyalle ne mai faɗi, mara nauyi, wanda aka haɗa da igiyoyi zuwa jikin mutum. Mutumin da ya faɗo daga jirgin sama yakan yi gudun wajen mil 120 a sa'a guda, watau fiye da kowace mota da ke bin hanyar Wudil. Kadan laima ta buɗe, sai ta tare iska, gudun ya ragu har mutum ya dira da ƙafafunsa. A Jaji, tsakanin Zariya da Kaduna, ake koya wa sojan Nijeriya wannan sauka. A ƙasashen Turai da Amurka kuwa har wasa aka mai da ita. Waɗansu daga jirgi suke faɗowa, waɗansu daga duwatsu, ko gadoji, ko dogayen benaye. Duk abin ya rataya ga ƙyalle da zare da allura, da kuma hankalin wanda ya naɗe ƙyallen cikin jaka, domin mai sauka ba ya ganin cikin jakarsa sai lokacin da gani ba shi da sauran amfani.

To, maganar tela tana da ƙarfi. Kowa ya sani mutum ya fi kula da rijiyar da shi ma zai sha ruwanta. Amma akwai labarin wani tela ɗan'uwansa da ya kamata ya ji. Sunansa Franz Reichelt, yana ɗinki a birnin Faris na Faransa. A zamaninsa jirgin sama sabon abu ne, matuƙa suna ta mutuwa, har aka sa kyauta mai yawa ga wanda duk ya ƙago laimar da za ta cece su. Reichelt ya ɗinka wata riga wadda ya ce za ta buɗe ta zama laima. Ya yi ta jefo gumaka sanye da ita daga benen gidansa, yawancin gwaje-gwajen ba su yi kyau ba. Maimakon ya tuhumi rigar, sai ya tuhumi benen, ya ce gajarta ce ta hana ta buɗewa. Ya nemi izini ya gwada daga Hasumiyar Eiffel, hukuma ta yarda bisa zaton gunki zai jefo. Ran 4 ga Fabrairu 1912 ya zo sanye da rigar da kansa. Abokansa suka yi ta ba shi magana, ya ƙi. Ya hau hawa na farko, tsawon ƙafa 187, ya tsaya bakin ƙarfe yana jinkiri, kana ya faɗo. Rigar ba ta buɗe ba, ya mutu nan take, masu ɗaukar hoto suna ɗauka.

Wannan mutum ya cika sharaɗin telan Hotoro sarai. Shi ya ɗinka, shi ya fara sauka. Ba wanda zai ce ya yi ha'inci, gama mai ha'inci ba ya sa kansa gaba. Amma me saukarsa ta nuna? Ta nuna ya gaskata aikinsa. Ba ta ƙara wa ƙyallen ko taƙi ɗaya na faɗi ba. Gumakan nan sun riga sun gaya masa gaskiya tun a gida, ya ƙi ji, saboda ya ƙwallafa rai. Da a ce kuma tsautsayi bai faɗa masa ba ran nan, iska ta tallafe shi ya tsira, da an sayi rigar, da matuƙa da yawa sun mutu a madadinsa. Ashe yarda da kai ba shaida ba ce, ko da mutum ya sa ransa jingina.

Akwai wanda ya riga shi da fiye da shekara ɗari, a birnin nan dai. Ran 22 ga Oktoba 1797 André-Jacques Garnerin ya tashi da ƙaton balan-balan har wajen ƙafa 3,000, ya yanke igiya, ya sauko cikin kwando ƙarƙashin laimar siliki. Ya tsira, amma laimar ta yi ta lilo da shi hagu da dama ƙwarai, domin iskar da ta tara ba ta da mafita sai ta gefe. Wani masanin taurari, Lalande, ya ba da shawara a huda rami a tsakar laima don iska ta riƙa fita. Aka karɓi shawarar, lilo ya ragu. Shi ma Garnerin ya yi kasada da ransa, amma aibin da gwajinsa ya tona ba a ɓoye shi ba, aka ji maganar masani, aka gyara.

Daga baya masu wannan sana'a suka tsara gwaji daki-daki. Ana jan ƙyalle da ma'auni a ga nauyin da zai ɗauka kafin ya kece. Ana hura iska ta cikinsa a ga yawan wadda ke ratsawa, gama ƙyallen da ya tsufa yakan zama kamar rariya ko da ido bai ga huda ba. Sa'an nan a ɗaura laimar ga gunki mai nauyin mutum, ko fiye, a jefo daga jirgi sau da yawa. Sai duk wannan ya wuce kana ɗan Adam ya sa ta. Haka sojan Amurka suka yi kafin Leslie Irvin ya faɗo daga jirgi a Dayton ran 28 ga Afrilu 1919, ya ja igiyar buɗewa da hannunsa, ya sauka da karaya a idon sawu kaɗai. Haka kuma aka yi sa'ad da yaƙi ya yanke silikin Japan aka koma ga nailan. Bayan gumaka, wata mace mai shekara 24, Adeline Gray, ita ta fara sauka da laimar nailan ran 6 ga Yuni 1942 a Hartford. Sana'arta kuwa naɗin laima. Ba ta ce gumaka sun rage mata jaruntaka ba.

Har wa yau maganar tela ba ta faɗi ƙasa duka ba. A sojan Amurka masu naɗin laima su ma masu sauka ne, kuma ƙa'idarsu ita ce kowannensu ya zauna da shirin sauka da kowace laima da ya naɗa. Wannan dabara tana da kyau, sai dai a lura da abin da take aunawa. Ƙyallen an riga an gwada shi ta hanyoyin da aka ambata. Abin da ƙa'idar ke tsarewa shi ne zuciyar ma'aikaci a sa'ar gajiya, lokacin da ya naɗa laima goma, ta goma sha ɗaya ta zo, ga yunwa, ga shugaba ba ya kusa. Da yake bai san wadda za a miƙo masa ba, dole ya naɗa kowacce kamar tasa. Watau gwaji iri biyu ne, na kaya da na mutum, kuma kuskuren Reichelt shi ne ya ɗauka na biyu zai tsaya a madadin na farko.

Amma direba ma yana da gaskiya. Yawancin ayyukan duniya ba su yarda da wannan dabara ba. Mai tufka igiya ba shi ke shiga rijiya ba. Magini ba ya kwana ƙarƙashin kowane azara da ya ɗora. Mai gyaran burki a bakin hanyar Hotoro yana gida yana barci sa'ad da motar da ya taɓa ke gangara da buhu ɗari uku. In amana ba ta tsayuwa sai da tsoron mutuwa, to, mafi yawan mutane ba su da mai tsaronsu. Shi ya sa masu laima suka ƙara wani abu. A Amurka, laimar ko-ta-kwana, wadda mai sauka daga jirgi ke ɗauke da ita don ranar da babbar ta ƙi, ba mai naɗa ta sai wanda hukuma ta jarraba ta ba shi takarda. Kowane kwana 180 sai an warware ta an duba an sāke naɗi, ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba. In ya gama, ya rubuta rana da lambarsa a kati, ya sa hannu, ya ɗaure bakin jakar da zare, ya buga hatimin darma mai alamarsa. Ba zai sauka da ita ba, amma sunansa zai sauka. Wanda ya san yadda hatimin alkali ke bin takarda shekara da shekaru ya san nauyin wannan.

Akwai wani ɓangare na amana da ya fi wannan wuya, shi ne faɗin iyakar kayanka. Tsofaffin sojan ƙasar nan da suka yi yaƙin Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, sun ci abinci daga laima. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma da ta shiga kwarin Kaladan, da bataliyoyin Nijeriya uku da suka yi yaƙi tare da rundunar Chindit a 1944, wadda barikin soja na Zariya ya ci sunanta, duk ta sama ake jefo musu abinci da harsashi, domin daji ne ba hanyar mota. Laima ta yi ƙaranci. Janar Slim, shugaban Runduna ta 14, ya nemi masu masaƙun algarara na Kalkata, watau irin zaren buhunan gyaɗar da aka yi dala da su a Kano, su ɗinka masa laima da shi. Suka gwada iri iri har aka sami wadda ta yi. Kuɗinta fam ɗaya da 'yan kai, alhali ta ainihi ta fi fam 20. Ladan da ya samu daga manyansa shi ne takardar faɗa, wai bai bi ta ofishin da ya dace ba, abin da kowane ma'aikaci zai gane. Abin lura shi ne ba a ce laimar algarara daidai take da ta siliki ba. An bayyana ta kaya ce masu jure faɗuwa, ba a yarda a ɗaura mata mutum ko na'ura mai saurin lalacewa ba. Da wani ɗan kwangila ya rina ta ya sayar a matsayin ta mutane, ɗinkin bai canja ba, zaren bai canja ba, amma ya zama mai kisan kai. Araha ba laifi ba ce in an faɗi abin da ta iya.

Saura rabon mai sauka kansa, gama shi ke zaɓe. Tun da Domina Jalbert ya ƙago laima mai kusurwa huɗu a 1964, wadda iska ke shiga aljifanta ta kumbura kamar fiffike, laima ta zama abin tuƙawa. Ɗan koyo akan ba shi babba, mai faɗin murabba'in ƙafa fiye da 200, mai tafiya a hankali, mai yafe kuskure. Gwanaye sukan sauka da wadda ba ta kai 100 ba, mai gudu kamar shaho. Masu wannan wasa sun daɗe da lura cewa mutane da dama suna mutuwa alhali laimarsu ta buɗe lafiya lau, don kawai sun zaɓi ƙarama tun gwanintarsu ba ta kai ba, suka juya kusa da ƙasa, suka bugu. Tela bai yi laifi ba, mai naɗi bai yi laifi ba. Kunyar a gan shi da laimar 'yan koyo ita ta kashe shi, kamar yaron da ya ƙi jaki ya hau ingarma ran hawan salla.

Masu faɗowa daga duwatsu sun fi haka kasada. Mutumin da ya faɗo daga ƙafa 500 zai kai ƙasa cikin wajen sakan 6, ba lokacin buɗe laima ta biyu, saboda haka yawancinsu guda ɗaya suke ɗauka. Sukan zaɓi babba, mai aljifai bakwai, mai saurin buɗewa, su naɗa da hannunsu a tsanake. Carl Boenish, wanda ya yaɗa wannan wasa bayan ya ɗauki hoton masu faɗowa daga dutsen El Capitan na Amurka a 1978, gwani ne mai kula, duk da haka ya mutu a wani dutse na ƙasar Norwe a 1984. A nan mai naɗi da mai sauka mutum ɗaya ne, sai a ce ba wanda aka zalunta. Anya kuwa? Malamai suna karantar da cewa ɗaure raƙumi ba ya rushe tawakkali, suna kuma karantar da cewa rai ajiya ce a hannun mai shi. Sojan da ke sauka don aiki, da matuƙin da jirginsa ya kama wuta, lalura ta kai su. Wanda ya hau dutse don jin daɗi ya ɗaure raƙuminsa tam, amma shi ya kai shi bakin rami, kuma akwai mata da 'ya'ya a gida waɗanda ba a shawarce su ba, da masu ceto da za su hau dutsen ɗauko shi.

Da aka kira magariba tela ya tashi yana kaɗe zare daga rigarsa. Ya ce wa direba har yanzu bai janye ba, ya fi son a jefo mai ɗinki. Direba ya ce shi dai gobe da sassafe zai sa yaron mota ya taka burki yana kallo daga ƙarƙashi, kafin ya biya mai gyara sauran kuɗinsa.