Makaman Ƙare-Dangi da Amanar Zaman Lafiya

  Ya ku 'yan'uwa masu karatu, maganarmu ta wannan mako a kan wani bala'i ce da 'yan Adam suka ƙera da hannunsu, watau makaman ƙare-dangi.

Ran 6 ga Agusta 1945 Amurka ta jefa bom ɗin atom a birnin Hiroshima na ƙasar Japan, bayan kwana 3 ta sake jefa wani a Nagasaki. An ƙiyasta cewa kafin ƙarshen shekarar mutum wajen 140,000 sun halaka a Hiroshima kaɗai. Ƙasa guda ce ke da wannan makami a wancan zamani. A yau ƙasashe 9 ne: Amurka, Rasha, Ingila, Faransa, Sin, Indiya, Pakistan, Koriya ta Arewa, da Isra'ila wadda ba ta taɓa amsawa a fili ba. Abin da ke hannunsu ya kai kimanin 12,000, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na Amurka da Rasha ne.

Da can akwai alkawura da suka ɗaure hannun manyan nan biyu, amma igiyar tana ta tsinkewa. Yarjejeniyar da Reagan da Gorbachev suka ƙulla a 1987 ta hana makamai masu matsakaicin zango ta rushe a 2019. Rasha ta shiga Yukiren da yaƙi a 2022, sa'an nan a 2023 ta jingine yarjejeniyar da ta rage tsakaninta da Amurka ta ƙayyade yawan makaman. A watan Mayu na 2025 kuwa Indiya da Pakistan suka yi kwana 4 suna ɓarin wuta, alhali kowace tana da bom a rumbunta.

Kada mai karatu ya ce wannan rigimar mutanen nesa ce. Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bom ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, ita ce kuwa hamadar da hunturu ke kwaso mana ƙurarta. Saboda waɗannan gwaje-gwaje ne gwamnatin Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a Janairu 1961. Magabatanmu sun gane cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

To, mene ne matsayin addini? Musulunci ya yarda al'umma ta yi tanadin ƙarfi domin kare kanta, amma ya kafa wa yaƙi iyaka. Sa'ad da Halifa Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya tura runduna zuwa Sham, ya hane su da taɓa mata da yara da tsofaffi, da sare itatuwa masu 'ya'ya, da rushe gidajen mutane, ya kuma ce a ƙyale masu ibada a wuraren ibadarsu. Sai mu auna bom ɗin atom a kan wannan ma'auni. Makami ne da ba ya rarrabe soja da jariri, ba ya barin gona balle dabba, gubarsa kuma tana bin waɗanda suka tsira shekara da shekaru. Ba yadda za a yi a harba shi a kan birni ba tare da an keta dukan iyakokin nan a lokaci guda ba.

Masu riƙe da makaman suna da hujja. Suna cewa tsoron ramuwa ne ya hana manyan ƙasashe gwabzawa da juna tun 1945. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba mu musa ba. Amma zaman lafiyar da aka gina bisa tsoro yana bukatar kowane shugaba ya kasance mai hankali kullum, kowace na'ura kuma kada ta taɓa yin kuskure, wannan kuwa ba halin ɗan Adam ba ne. Larabawan Jahiliyya, Bakar da Taglib, sun shafe kusan shekara 40 suna yaƙin Basusa a kan taguwa ɗaya. Zuciyar da ta yi wancan ita ce dai a ƙirjin mutanen yau, takobin ne kawai ya sauya.

Ga misali. Ran 26 ga Satumba 1983 na'urorin Tarayyar Sobiyet suka nuna wai Amurka ta harbo makamai 5. Hafsan da ke bakin aiki, Stanislav Petrov, ya yi tunani cewa mai nufin ƙare ka ba zai fara da 5 ba, sai ya shaida wa manyansa cewa ƙararrawar ƙarya ce. Daga baya aka gano hasken rana ne a kan gajimare ya ruɗi na'urar. Mutumin nan ba Musulmi ba ne, amma ya aikata ladabin da Suratul Hujurati ta hore mu da shi, na bincika labari kafin a ɗauki mataki a kansa, Allah kuwa Ya sa natsuwarsa ta zama sanadin tsirar jama'a masu ɗimbin yawa.

Haka kuma janyewa domin sulhu ba ragwantaka ba ce. A shekara ta 6 bayan Hijira Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya amince da sulhun Hudaibiyya bisa sharuɗɗan da suka yi wa sahabbai nauyi, ya koma Madina bai yi Umra ba. Bayan shekara 2 aka buɗe Makka. A zamaninmu Afirka ta Kudu ta ƙera bom 6 ta kuma wargaza su da kanta, ta bayyana wa duniya a 1993, kuma babu wanda ya kai mata hari saboda haka. A 1996 ƙasashen Afirka suka sa hannu a Alƙahira kan yarjejeniyar Pelindaba wadda ta haramta makaman a nahiyar. Wajibi ne shugabanninmu su riƙe wannan alkawari, su kuma matsa wa manyan ƙasashe lamba a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Mu talakawa fa? Ba mu da bom, amma muna da harshe da wayar hannu. Jita-jita guda da aka yaɗa ba bincike tana iya tayar da unguwa, ta haɗa ƙabila da ƙabila. Duk wanda labarin tashin hankali ya iso gare shi, to, yana zaune ne a irin kujerar hafsan nan, ya dube shi da kyau kafin ya miƙa gaba. Malamai su karantar da wannan a makarantu, limamai su faɗe shi a kan mumbari, domin zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Allah Ya kiyashe mu da fitina, ta fili da ta ɓoye. Allah Ya ba shugabannin duniya tsoronsa da tausayin bayinsa, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.