Maganar Asali a Cikin Aji

A makarantun gundumomin Tasawa da Mayahi, inda ɗan manomi Bahaushe yake zama benci ɗaya da ɗan Bafillace makiyayi da ɗan Buzu, maganar asali, wato tunanin cewa darajar mutum tana bin jinin kakanninsa, takan shigo aji ko malami bai gayyace ta ba. Dokar Nijar ta 2003 ta mayar da bauta laifi, amma gorin "ɗan bawa" ko "ɗan mahauci" bai mutu ba, alhali Suratul Hujurat ta ɗora fifiko a kan tsoron Allah kaɗai. Malamin da ya ji gorin ya yi shiru ya goyi bayansa. Wajibinsa ne ya tattauna shi da yara cikin harshen da suke fahimta.