Sharhin Baitoci Huɗu a kan Saukar Ruwa

Godiya ta tabbata ga Allah mai kora gizagizai inda ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwana almajiran ɗariƙa, ku sani dalilin waɗannan baitoci wata tambaya ce da ta dame ni a nan Gbalahi, gefen birnin Tamale. Shin ya halatta ga bawa ya ji daɗin ruwan sama, alhali kuwa ruwan nan shi ne ya ke rushe ɗakin maƙwabcinsa?

In hadari ya haɗo gabas, ya ɗan'uwa,
Tattara hankalinka, bar yin ɗimuwa.

Ma'anar wannan baiti, kada farkon abin da zai fito bakinka ya zama tsaki. Mu mutanen ƙasar Dagomba damina ɗaya gare mu a shekara, daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, ba kamar kudancin Ghana ba inda su ke da biyu. In ta kuɓuce, shekara ta kuɓuce. Dattawanmu sun ga 1983, shekarar fari da gobarar daji da yunwa. Yaranmu ma sun ga 2024, lokacin da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, masara ta bushe a tsaye, mu ka fita sallar roƙon ruwa. Da rani kuma kowa ya san yadda mata ke yawo da jarka in ruwan famfo da a ke turowa daga Dalun ya yanke. To, abin da ka fita fili ka roƙa da kuka, yaya za ka tarbe shi da ƙorafi don ya jiƙa maka riga?

Kowane ɗigo da ka ji bisa rufi,
Saƙo ne, saurara, ka bar rafkanwa.

Wata Juma'a a watan Agusta muna zaune a zawiya bayan la'asar muna hailala, sai ruwa ya kece. Rufin kwano ne, ƙara ta rufe muryoyinmu har ba na jin wanda ke kusa da ni. Na daɗe ina wuridi da harshe, zuciyata tana kasuwar Aboabo tana lissafi. Ran nan da na kasa jin muryata, sai na ji ma'anar abin da na ke faɗa. Ƙamshin ƙasa ya shigo, sanyi ya sauka, ba inda zan je, ba wanda zai zo nemana. Wannan shi ne abin da shehunanmu su ke kira halartar zuciya, watau mutum ya kasance inda jikinsa ya ke, yana sane da Wanda ke ganinsa. Kishiyarsa gafala.

Shari'a ba ta hana wannan jin daɗi ba. Ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan yaye wani sashe na tufafinsa domin ruwan sama ya taɓa jikinsa. Malamanmu na Malikiyya kuma sun yi sauƙi a haɗa magariba da lisha a masallaci a daren ruwa, domin kada mutane su wahala. Daren nan haka mu ka yi, na koma gida raina fari, na rubuta baiti biyun farko.

In ka ji daɗi, to ka leƙa maƙwabci,
Ko nasa bango na shirin zubewa.

Da asuba na tarar bangon ɗakin maƙwabcina, wani dattijo Badagombe, ya zube. Ginin ƙasa ne da rufin ciyawa. Hatsin da ya rage masa ya jiƙe, jikokinsa sun kwana a tsaye. Tsakanin ɗakina da nasa bai kai taku ashirin ba. Sa'ad da ni ke cikin nishaɗi ina ƙirga kalmomin waƙa, shi yana tare ruwa da ƙwarya. Na ji kunya ƙwarai, har na yi niyyar yaga takardar.

Abin bai tsaya ga maƙwabcina ba. An daɗe ana zubar da sharar Tamale a gefen garinmu, in ruwa ya yi yawa ƙazanta ta biyo kwari, sauro ya yawaita, zazzaɓi ya kama yara. A 2007 ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a arewacin Ghana, abin ya ƙaru da aka buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso a kan kogin Farin Volta. Wanda ya ce ruwa daɗi ne kawai bai faɗi gaskiya duka ba.

Na kai wa muƙaddaminmu wannan damuwa. Ya tunatar da ni labarin mutumin da ya roƙi Annabi addu'ar ruwa yana kan mumbari, aka yi mako guda ana ruwa a Madina, sa'an nan aka dawo ana kukan gidaje sun rushe, hanyoyi sun yanke. Annabi bai tsauta wa mai kukan ba, bai kuma aibata ruwan ba. Ya roƙi Allah ya karkatar da shi zuwa kewayen gari da kwaruruka da matsirar itatuwa. Sai ya ce mini, “Malam, kada ka yaga. Halartar da ka samu gaskiya ce, amma ba ta cika ba. Da zuciyarka ta farka sosai, da ta ji faɗuwar bangon nan.”

Shukura ba ta cika da baki kaɗai ba,
Sai hannuwa sun kai wajen taimakawa.

Abin da na fahimta ke nan, Allah ne mafi sani. Jin daɗin ruwa halal ne, yana ma cikin godiya, kuma baƙin cikina ba zai tayar da bangon kowa ba. Laifina shi ne na rufe ƙofa na ji daɗina ni kaɗai, na kuwa san ginin dattijon nan ya tsage tun bara. Bayan kwana biyu 'yan'uwa na zawiya mu ka taru mu ka kwaɓa ƙasa, mu ka tayar masa da bango, kowa ya kawo kwanon masara gwargwadon hali.

Saboda haka ya ɗan'uwa, in ruwa ya sauko ka zauna ka saurara, ka yawaita salati da addu'a, domin lokaci ne da a ke fatan karɓa. In ya tsagaita ka ɗauki fitila ka zaga maƙwabta, tun ba tsofaffi da zawarawa ba. Kafin damina kuma a taru a yashe magudanai, a yaɓe bangon da ya tsage.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga sharrinta, ya gafarta mana da iyayenmu da shehunanmu. Wanda ya ga kuskure ya gyara, ya sa ni cikin addu'a. Amin.